'Yata Ta Shiga Zanga-zangar Ɗalibai a Ingila, Baffanta Ya Ce In Yi Mata Baki

Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce da ta yi ritaya, ina zaune a Unguwar Dosa a nan Kaduna, kuma shekara shida ke nan da rasuwar maigidana. 'Yata ta fari tana karatun digiri na biyu kan lafiyar al'umma a wata jami'a da ke arewacin Ingila, kuma filin da mahaifinta ya bar mana a Rigachikun na sayar na biya mata kuɗin makaranta. Makon jiya 'yar ƙanwata ta turo mini wani bidiyo a WhatsApp, sai ga 'yata riƙe da kwali a tsakiyar masu zanga-zanga. Da na kira ta sai ta fashe da kuka. Ashe wata huɗu ke nan wasu ɗalibai da suke tarayya da ita a ɗakin girki suka kwashe mata yaji da daddawa da garin kuka suka zuba a shara, suka liƙa takarda a jikin firij suna kiranta da sunan dabba, da dare kuma su tsaya a ƙofar ɗakinta suna kwaikwayon kukan biri. Ta kai ƙara ga hukumar jami'a, aka ce ana bincike, har yau shiru kamar an shuka dusa. Yanzu wata ƙungiyar ɗalibai masu yaƙi da wariyar launin fata na shirin mamaye ginin hukumar su yi zaman dirshan har sai an saurare su, kuma suna so ita ce za ta yi jawabi tunda a kanta abin ya faru. Baffanta ya ce in kira ta in ce ban yafe ba idan ta ƙara fita, domin karatu aka tura ta ba siyasa ba. Saura wata biyar ta kammala. Barci ya ƙaurace mini. Me zan yi?

Uwa daga Unguwar Dosa

Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya jiƙan maigida, ya kai haske kabarinsa, ya kuma albarkaci abin da ya bari. Zan fara ba ki amsar kafin in kawo dalilaina, domin wanda barci ya ƙaurace wa ba ya bukatar a yi ta kewaye-kewaye da shi. Kada ki furta mata kalmar da Baffanta ya ba ki shawara a kai. Ki bar ta ta bi haƙƙinta, ki ma ƙarfafa mata gwiwa, amma ki gindaya mata sharaɗi guda tak, wato ƙafarta kada ta taka cikin ginin da za a mamaye, ko da na minti biyar ne, ko da kai wa ƙawarta abinci za ta yi.

Na san daga inda tsoronki ya fito, domin ni ma 'yar garin nan ce. A kunnen mutumin Kaduna kalmar zanga-zanga ba ta zuwa ita kaɗai, tana zuwa ne da hayaƙin taya, da barkonon tsohuwa, da ƙarar ƙofofin shaguna ana ja ana rufewa a Kasuwar Barci da titin Ahmadu Bello, da muryar mai sanarwa a rediyo yana karanta dokar hana fita. Wanda ya ga Fabrairun 2000, lokacin da tattaki kan batun shari'a ya rikiɗe ya zama abin da ya raba garin nan gida biyu, wasu suka tattara suka koma wannan hayin kogi wasu suka koma wancan, ba zai ƙara kallon taron matasa riƙe da kwalaye da sanyin zuciya ba. Malamar makaranta mai shekarunki kuwa ba ta manta da Samaru ba, inda aka kwashi gawarwakin ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello a watan Afrilun 1978, a zanga-zangar da ƙarin kwabo 50 a kuɗin abincin ɗalibai ya haddasa, aka kuma sake kwasa ranar 23 ga Mayun 1986. Ko a watan Agustan 2024 sai da aka sa dokar hana fita ta awa 24 a Kaduna da Zariya, daga baya kuma muka ga yara ƙanana da aka kama suna zubewa a gaban alƙali a Abuja. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya yi tsalle, kuma ba ni da bakin da zan ce miki tsoron nan ba shi da tushe.

Sai dai macijin can ba irin na nan ba ne, kuma idan kika tsaya kina tsare ta daga wanda kika sani, wanda ba ki sani ba zai zo ta bayanki. Yawancin 'yan sandan da 'yarki za ta gani a harabar jami'a a Ingila ko bindiga ba sa riƙewa, kuma tattakin lumana haƙƙi ne da dokarsu ta ba duk wanda ke cikin ƙasar, ɗan ƙasa da baƙo. Abin da ke iya kayar da ita takarda ce. Bizar ɗalibi a Birtaniya a wuyan jami'a take rataye, domin jami'ar ce ke tsaya wa ɗalibi a gaban ma'aikatar harkokin cikin gida, kuma da zarar ta kore shi ko ta cire sunansa daga rajista, wajibi ne ta sanar da ma'aikatar cikin kwanaki 10 na aiki, ita kuma a bisa al'ada sai ta datse masa izinin zama zuwa kwana 60, ko dai ya sami wata makarantar da za ta tsaya masa ko ya haɗa kayansa. Mun ga yadda wannan ke aiki a 2024, lokacin da darajar naira ta faɗi, wasu ɗalibanmu a Jami'ar Teesside suka kasa cika kuɗin makaranta a kan kari, aka rufe musu hanyar shiga karatu, wasiƙun umarnin barin ƙasa suka biyo baya. Waɗancan bayin Allah ko gilashin taga ba su fasa ba.

Zaman dirshan a cikin ginin hukuma shi ne daidai wurin da wannan takarda ke shiga haɗari. Tsayawa a fili da kwali, ko sa hannu a takardar koke, ko yin jawabi a taron da aka sanar da hukuma, duk ba su saɓa wa ƙa'idar jami'a ba. Shiga gini a ƙi fita bayan an ce a fita kuwa saɓa ƙa'ida ne ƙarara, kuma kwamitin ladabtarwa na da ikon yin hukunci a kai tun daga gargaɗi har zuwa dakatarwa da kora. Jami'o'in Ingila sun saba garzayawa kotu su karɓo umarnin fitar da masu mamaye, kamar yadda na Birmingham da Nottingham suka yi a 2024 da ɗaliban da suka kafa tantuna kan batun Gaza. Idan zaman ya kai ga hana ma'aikata aikinsu, ko wani ya karya ƙofa, ko wasu suka ɗaure kansu da sarƙa a jikin gini, abin da dokar 2023 ta mai da shi laifi, to magana ta bar hannun jami'a ta koma hannun 'yan sanda. A nan akwai wani tarko da 'ya'yanmu da yawa ba su sani ba. 'Yan sandan Ingila kan miƙa wa mutum takardar gargaɗi ya sa hannu a sallame shi ba tare da zuwa kotu ba, shi kuma ya ɗauka an yi masa sassauci, alhali sa hannun amsa laifi ne, kuma za a tambaye shi game da ita a takardun neman biza nan gaba. Ki gaya mata, ko da tsautsayi ya sa an kama ta a kan hanya, kada ta sa hannu a komai sai lauya ya zo, kuma lauyan ofishin 'yan sanda kyauta ne ga kowa.

Ba zan ɓoye miki ba, mamaye gini wani lokaci yana cin nasara. A 2019 ɗaliban kwalejin Goldsmiths da ke Landan sun shafe kwana 137 a cikin wani ginin hukumarsu, bayan an yi rubutun wariya a jikin fastocin wata ɗaliba mai takarar wani muƙami a ƙungiyar ɗalibai, kuma ba su fita ba sai da hukuma ta sa hannu a kan jerin buƙatunsu. Abokan 'yarki sun san wannan labari, kuma da shi za su ja hankalinta. Abin da ya kamata ta riƙe shi ne, a cikin taron da take tsaye ba kowa ne ke ɗauke da kaya iri ɗaya ba. Yarinyar da ke gefenta, wadda iyayenta 'yan Jamaika ne ko 'yan Gana amma a Landan aka haife ta, idan aka dakatar da ita zango guda, jirgin ƙasa za ta hau ta tafi gida ta jira. 'Yarki idan aka dakatar da ita, jirgin sama ne zuwa Abuja, daga nan ta biyo hanyar Kaduna, babu digiri, babu fili. Fatarsu ɗaya, cin mutuncin da ake musu ɗaya, fasfo ne ya bambanta. Ƙungiyar da ta san abin da take yi tana raba aiki bisa wannan bambanci, masu fasfon ƙasar su shiga ciki, masu biza su tsaya a waje suna rubutu da tattara shaida da magana da malaman da ke goyon baya. Ki ce ta tambayi shugabanninsu a fili ko sun yi wannan tunani. Idan sun ce sun yi, kuma ba su ga laifinta ba don ta tsaya a waje, mutanen kirki ne, ta riƙe su. Idan suka fara goranta mata cewa ta ci amana ko tsoro ya kama ta, to labarinta suke so, ba ita ba.

Yanzu bari in juyo kan maganar Baffa cewa karatu aka tura ta ba siyasa ba. Da a ce ta bar aji ta tafi yi wa wata jam'iyya kamfe, da na goyi bayansa. Amma ita ba ta je neman wannan rigima ba, rigimar ce ta zo har ƙofar ɗakinta da tsakar dare tana kukan biri. Ki kwatanta a zuciyarki, Hajiya: yarinya ta dawo daga laburare cikin sanyi, ta buɗe kabad ɗin da take ajiye 'yar robar yajin da kika daka mata da hannunki kika ƙulle a leda biyu don kada ya zube a akwati, ta tarar wayam, ta leƙa kwandon shara ta hango ta a ƙarƙashin ɓawon ayaba. Sannan ta koma ɗaki ta kulle ƙofa, ta ci burodi da shayi, ta kira ki ta ce lafiya lau take. Wata huɗu tana haka. Ba kuma ita kaɗai ba ce. Hukumar kare daidaito da haƙƙin ɗan Adam ta Birtaniya ta fitar da rahoto a watan Oktoban 2019 da ya nuna cewa kusan kashi 24 cikin 100 na ɗaliban da ba Turawan asali ba sun fuskanci tsangwama saboda launi ko asali, kuma biyu bisa uku na waɗanda abin ya shafa ba su ma kai ƙara ba. 'Yarki tana cikin ƙalilan da suka kai. A addininmu ma ba a ɗauki wannan ƙaramin abu ba. Lokacin da Abu Zarri ya goranta wa wani mutum mahaifiyarsa, wanda malamai da dama suka ce Bilal ne, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce wa Abu Zarri akwai sauran jahiliyya a tare da shi. Aya ta 148 a Suratun Nisa'i kuwa ta keɓe wanda aka zalunta daga hanin bayyana mummunar magana. Haƙuri maganin zaman duniya ne, amma babu malamin da ya ce haƙuri na nufin ka bar mai cin mutuncinka ya ci gaba alhali akwai alƙali a gari.

Za a ce ai baƙo raɓa ne, gobe zai tafi, ina ruwansa da gyaran garin wasu. Ɗaliban Afirka ta Yamma sun daɗe da amsa wannan. A 1925 wani ɗalibin lauya ɗan Nijeriya, Ladipo Solanke, da abokansa suka kafa ƙungiyar ɗaliban Afirka ta Yamma a Landan, kuma a 1933 suka buɗe masauƙi nasu na kansu, saboda masu gidajen haya suna rufe ƙofa da zarar sun ga baƙar fuska. Dukkansu baƙi ne, kuma waɗanda suka zo bayansu sun kwana a inuwar abin da suka shuka. Na kusa-kusa kuma shi ne labarin zakaran tagulla na Masarautar Benin, wanda sojojin Birtaniya suka kwashe a harin 1897, ya ƙare a ɗakin cin abincin kwalejin Jesus ta Jami'ar Kambirij tun 1905, ɗalibai suna cin abinci a ƙarƙashinsa sama da shekara 100 babu wanda ya ce uffan. A 2016 ɗalibai suka rubuta hujjojinsu, suka kai gaban ƙungiyarsu, aka kaɗa ƙuri'a, kwaleji ta sauke shi daga inda yake, aka kafa kwamiti, aka yi ta jan ƙafa, har sai ranar 27 ga Oktoban 2021 aka miƙa shi ga wakilan Nijeriya, ciki har da Farfesa Abba Isa Tijani wanda ke shugabantar hukumar gidajen tarihi a lokacin. Babu ginin da aka mamaye, kuma yawancin waɗanda suka fara maganar sun daɗe da kammala karatu kafin zakaran ya dawo gida. Na kawo wannan ne domin 'yarki ta gane cewa tsayawa a wajen ginin ba janyewa daga gwagwarmaya ba ne, kuma takardar da aka rubuta da kyau aka bi ta ba gajiya ita ma makami ce, musamman a ƙasar da komai nata a rubuce yake.

A kan takardar ne nake so ku mai da ƙarfinku a wannan mako, domin a nan ne lokaci ke ƙurewa. Da farko ta tabbatar da irin ƙarar da ta kai. Jami'o'in can da yawa suna da shafin intanet inda ɗalibi ke kai rahoton tsangwama, wani lokaci ma ba tare da suna ba, kuma rahoto irin wannan ba lallai ne ya buɗe bincike ba. Ƙorafi na hukuma daban ne, yana da fom nasa da matakai nasa da wa'adinsa. Ina zargin cewa shirun wata huɗu daga nan ya samo asali, ko da yake ba zan wanke jami'ar ba. Idan ƙorafi na hukuma ta shigar, to ofishin mai sasanci mai zaman kansa da ke sauraren ƙorafin ɗaliban Ingila da Wales, wanda ake kira OIA, ya tsara cewa a bisa al'ada a kammala irin wannan cikin kwana 90, ke nan idan tun farkon abin ta shigar an riga an wuce wa'adi, kuma tana da damar rubuta musu ta faɗi haka da kwanan wata. Idan jami'a ta gama nata matakan, za ta ba ta wasiƙar kammalawa, daga ranar kuma tana da wata 12 ta ɗaukaka ƙara zuwa wancan ofishin kyauta, ko da ta riga ta dawo Kaduna. Dokar daidaito ta 2010 ta hana jami'a nuna wa ɗalibi bambanci saboda launi ko ƙasar asali ko addini, ta kuma hana a musguna masa don ya kai ƙarar wariya, wadda ita ce garkuwar da 'yarki ke da ita muddin ba ta ba su wata hujjar daban ba. Wa'adin kai irin wannan ƙara kotu wata shida ne, huɗu kuma sun riga sun tafi, saboda haka ta tambayi masani a kan wannan tun yanzu, ko da ba ta da niyyar zuwa kotu.

Masanin ba shi da nisa. Ƙungiyar ɗalibai ta kusan kowace jami'a tana da ofishin ba da shawara, kyauta, wanda ba ya ƙarƙashin hukumar jami'a, kuma ma'aikatansa kan raka ɗalibi zaman kwamiti. Akwai kuma cibiyar UKCISA da ke amsa tambayoyin ɗaliban ƙasashen waje kan biza. Kafin ta je, ta zauna ta rubuta komai bi da bi, rana da lokaci da wanda ya gani, ta haɗa da hoton takardar da aka liƙa a firij idan ta ɗauka, da kowane saƙon imel da ta aika da amsar da aka ba ta, domin a gaban kwamiti kuka ba ya zama shaida. Ta je ofishin masauƙin ɗalibai gobe ta nemi a sauya mata ɗaki. Na san za ta ce ai su ya kamata a tasa ba ita ba, kuma gaskiya ta faɗa, amma mai rubuta kundin digiri na bukatar barci, kuma sauya ɗaki ba ya soke ƙara. Tsangwamar mutum saboda launinsa laifi ne a dokar ƙasar, tana iya kai rahoto ga 'yan sanda ta lambar 101, ko 999 idan suka sake zuwa ƙofarta da dare ta ji tsoro, kuma kai rahoto a matsayin wadda aka zalunta ba ya taɓa bizarta. Ta kuma sanar da malamin da ke duba kundinta halin da take ciki a rubuce, domin idan makinta ya yi ƙasa a wannan zango a san dalili tun kafin sakamako ya fito.

Game da jawabin da suke so ta yi, ban ga laifi ba idan a fili ne, a taron da aka sanar, kuma ita ce ta ga za ta iya. Sai dai ta rubuta shi, ta nuna wa mai ba da shawarar nan, kuma kada ta ambaci sunan ko ɗaya daga cikin waɗanda take zargi, a baki ko a Facebook ko a ko'ina. Ranar da ta wallafa sunayensu ko hotunansu, ranar ce za su shigar da nasu ƙorafin cewa ita ce ke tsangwamarsu, kwamiti ya sami hanyar cewa kowa na da laifi, garin neman gira a rasa ido. Ta kuma tuna cewa bidiyon da ya iso Unguwar Dosa cikin kwana biyu zai isa wurin duk wanda za ta nemi aiki a hannunsa nan da shekara biyar. Idan ta auna ta ga ba ta son fuskarta ta zama tutar wannan tafiya, wata na iya karanta bayaninta a madadinta, kuma babu wanda ke da ikon ganin laifinta.

Kalmar ban yafe ba kuwa, Hajiya, kin fi ni sanin nauyinta. Ba a zare ta don tsoratarwa, domin idan ta fita ba ta komawa. Ki tambayi kanki abin da ya sa yarinyar nan ta ɓoye miki wannan abu wata huɗu. Ba raini ba ne. Ta san kuɗin filin Rigachikun har kwabonsa, ta san babu wani filin, ta kuma ga cewa gara ta haɗiye da ta ɗora miki. Idan kika yi mata baki yanzu, ɗaya cikin biyu zai faru. Ko dai ta bi umarninki ta koma ɗakin nan ta ci gaba da sauraren kukan biri, tana sane cewa a ranar da ta buɗe baki uwarta ma cewa ta yi ta rufe, ko kuma ta ci gaba a ɓoye da nauyin fushinki a kanta, kuma ranar da ta shiga matsala ta gaske ke ce ta ƙarshe da za ta sani. Na biyun shi ne abin da na fi ji miki tsoro, domin yarinyar da ba ta da wanda za ta tambaya a gida ita ce ke bin duk abin da taro ya ce. Sharaɗi guda da kika yi mata bayaninsa, wanda ta ga hujjarsa da idonta, ya fi ƙarfin hani goma da aka ɗaure da rantsuwa.

Shi kuma Baffa kada ki tsallake shi, domin shi ne makwafin uba, shi zai ba da aurenta, kuma abin da ya faɗa tsoron asarar amanar ɗan'uwansa ne ya sa shi faɗa. Ki je har gida ki same shi, ki ce kin ji shawararsa kuma kin hana ta shiga ginin, wanda shi ne abin da zai iya jawo kora, sannan ki ba shi labarin takardar firij da kukan biri dalla-dalla, domin ina kyautata zaton bidiyon kawai ya gani. Ki roƙe shi ya kira ta da kansa ya yi mata addu'a, ya ce mata gidansu ba a cin mutuncin 'yarsu a yi shiru. Dattijon da aka ba matsayi a cikin magana ba kasafai yake tsayawa yana yaƙarta ba.

Akwai wani abu da zan faɗa a gefe, ki yi mini haƙuri, domin ya shafe ni kamar yadda ya shafi kowa. Yarinyar nan za ta dawo da kunnen da ya fi na da kaifi. Za ta ji lokacin da ake cewa amarya baƙa ce amma tana da kyau, za ta lura da mayukan bilicin da ke jere a kantunan kayan kwalliya, za ta ji ana binciken ko kakan mai neman aure bawa ne ko mahauci ko wanzami, kuma wataƙila ba za ta iya yin shiru kamar da ba. Idan ranar ta zo kada a ce Turai ta ɓata ta. Na taɓa jin kaina ina yi wa wata jaririya fatan ta yi haske tun tana cikin zanin goyo, kuma sai da na isa gida kunyar abin ta kama ni.

Ki kira ta yau bayan isha'i, lokacin da ta dawo ɗaki. Idan lokacin sanyi ne a can kina gabanta da awa guda, idan bazararsu ce agogonku ɗaya. Kada ki fara da bidiyon. Ki fara da tambayarta ko tana cin abinci, ko tana samun barci, ko akwai wata 'yar'uwa Musulma ko 'yar gida da take zuwa wurinta. Ki bar ta ta ba ki labarin tun daga farko ba tare da kin katse ta ba, ko da ta kai awa. Bayan nan ki faɗa mata sharaɗinki da dalilinsa, ki nemi ta yi miki alkawari da bakinta, ki kuma ce ta turo miki hoton takardar ƙorafin da amsar da za a ba ta, domin ke malama ce, kin san yadda ake bin fayil a ofis har ya fito. Idan kin sami mai tafiya, ki daka mata sabon yaji, ki haɗa da daddawa da garin kuka ki aika mata. Kilishi dai kada ki sa a ciki, domin ba a yarda matafiyi ya shiga da nama daga nan ba, a filin jirgi za su karɓe.